Baurin Bagaruwa

Wajen ƙarfe tara na safiyar Asabar aka tsinci Salih kwance a bakin tafki, cikin Dajin Sunut, kansa a fashe. Jikinsa sharkaf da ruwa, amma a kan tudu yake, an kwantar da shi ta gefen dama. Wayarsa na aljihu, 'yan kuɗinsa na nan. Abu ɗaya ne babu, madubin hangen nesan da ba ya rabuwa da wuyansa.

Nuha ce ta fara ganinsa, 'yar wansa, wadda ya riƙa tun tana shekara shida. Ma'aikaciyar jinya ce a Umdurman, jini ba baƙonta ba ne, amma ihun da ta yi ranar sai da ya tashi tsuntsayen tafkin gaba ɗaya.

Farkon kaka ne. Farin Nilu ya janye daga dajin bayan ya yi wata biyu kwance a gindin itatuwan bagaruwa, ya bar baƙar laka da tafkuna nan da can. Tsuntsayen ƙasashen sanyi sun fara sauka. Su ne suka kawo Salih. Direban raksha ne, wato babur mai ƙafa uku, a Alhilla Kuku, mutumin da ya girma yana korar tsuntsaye daga gonakin dawa a Jazira, sai ga shi da furfura yana bin su daji don ya kalle su kawai. Duk kaka yakan ɗauko Nuha su taka dajin. Bana ya haɗa da wansa Ishaku, uban yarinyar, da kuma Hussein, saurayin da za ta aura.

Mulazim Abubakar Sadiƙ, hafsan 'yan sandan da aka turo, ya iso kafin goma. Bahaushe ne, haifaffen wani kambo a Jazira, irin unguwannin bukkoki na 'yan ƙwadagon gona. Da ya zo inda laka ta fara, sai ya tuɓe takalmansa, ya ɗaure igiyoyinsu, ya rataya a wuya, ba tare da ya ma san ya yi ba.

Ya tarar an ɗora Salih a kan tabarma ana shirin fita da shi. Yana numfashi, bai san inda kansa yake ba. Gefe guda Hussein ya shaƙe wuyan rigar wani masunci yana zaginsa da Larabci. Ishaku kuwa na tsaye can baya a kan busasshen wuri, cikin farar jallabiya da farin takalmin markub.

"Sake shi," in ji Mulazim. "Ba a nan ake yanke hukunci ba."

Nuha ta taso, idonta jajir, ta kira shi da janabu, wato ranka ya daɗe. "Janabu, saura kwana shida ɗaurin aurena, kuma Yaba ne wakilina. Wallahi tallahi, wanda ya yi masa wannan, ko na san shi ko ban san shi ba, idona ba zai kalli fuskarsa ba har in mutu."

"Ki daina rantsuwa, 'yata," in ji Ishaku.

"Na riga na yi, Alhaji."

Mulazim ya dubi wannan, ya dubi wancan. Wanda ke kwance shi ne Yaba, wato baba. Wanda ya haife ta shi ne Alhaji. Ya durƙusa ya duba raunin. An cusa masa wani koren abu, jinin ya tsaya.

"Ke kika sa wannan?"

"A'a. Haka na same shi. 'Ya'yan bagaruwa ne ɗanyu, an tauna su."

Ya bar ta ta tafi da mara lafiya asibiti. Mazan uku ya ce kada wanda ya gusa daga wurin mai shayi da ke bakin daji.

Ya zagaya tafkin shi kaɗai. Akwai kututturen bagaruwa a bakin ruwa, da jini a kansa. Daga nan shatin jan mutum ya tashi zuwa tudu. Sawun takalmin Salih na nan, na Nuha da Hussein sun zo daga baya sun tattake. Sai kuma sawun wani mai ƙafa ba takalmi, wanda ya zo ta cikin itatuwa ya koma ta can. Mai sawun ba ya sa dunduniya, da yatsu yake kama laka, yana tafiya a karkace. Mulazim ya bi shi har inda ƙasa ta bushe. A nan ya ga an kwashi ƙura da hannu biyu, shatin yatsu raɗau, sau huɗu ko biyar. Ya daɗe tsaye a wurin. Ransa bai so abin da ya gani ba.

Da masuncin ya fara. Sunansa Alu, ya zo birni daga wajen Damazin shekara biyu da suka wuce, yana kamun tarwaɗar da ruwa ya bari a tafkuna.

"Jinin me ke hannunka?"

"Na kifi, janabu. Ga su can a buhu."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, ina can ɗaya gefen, itatuwa sun tare. Ji dai na yi. Faɗuwa biyu. Ta farko babba, a baki-baki. Can an jima sai ƙarama, a tsakiyar ruwa. Na ɗauka kifi ne ya yi tsalle."

"Nuna mini ƙafarka."

Alu ya miƙe ta. Ta hagu yatsu huɗu gare ta, ƙaramin ya tafi tuntuni. Sawun da ke bakin tafki yatsunsa biyar cif a kowace ƙafa.

"Za ka iya jefa koma inda ka ji ƙaramar faɗuwar?"

"In dai za a bar ni in koma wa 'ya'yana yau, ko nutso ka ce zan yi."

"Je ka jefa."

Sai Hussein. Ɗan gidan masu sayar da yadi ne a Kasuwar Umdurman, Hausarsa rabi da rabi, takalminsa na 'yan wasan guje-guje ya sha laka har idon sawu.

"Kuna tare da Nuha tun da kuka rabu da Salih?"

"Kusan haka."

"Ba na rubuta kusan."

"Mun ɗan yi faɗa. Ta bi hanyar kogi, ni na tsaya. Minti ashirin, ba su fi ba."

"A kan me?"

Nan fa bakin saurayi ya buɗe. "A kan me kuwa in ba shi ba? Yaba ya ce kaza, Yaba ya ce kaza. Gidan da za mu kama, sai Yaba ya gani. Kalar labule, wallahi sai Yaba ya gani. Na nuna mata tsuntsu, ta ce bari a tambayi Yaba sunansa. Na ce mata, ya Nuha, ni za ki aura ko shi? Ina kishinsa, janabu, ban ɓoye ba. Amma ban taɓa shi ba."

"Tuɓe takalminka. Taka zuwa itacen can."

Hussein ya tuɓe har safa. Ƙafafun nan sumul, kamar ba su taɓa gaisawa da ƙasa ba. Taku uku ya yi ƙaya ta same shi, ya zauna daɓas yana kiran sunan Allah. Mulazim ya tsinko ɗanyen ɗan bagaruwa ya miƙa masa.

"Me ake yi da wannan?"

"Awaki ke ci?"

"Mayar da takalminka."

Mai shayin, Hajaratu, ta shekara tara a ƙarƙashin itacen nan da murhunta da kujerunta na ƙarfe. Mulazim ya zauna, ya ce a ba shi mai na'ana'a. Masu shayi ba a yi musu tambaya, zama ake yi.

"Nan suka karya da safe," in ji ta tana fifita gawayi. "Ni dai tun a lokacin na ce ruwa ba ya tsami banza. Yarinya ta karɓi kofin farko ta wuce ubanta ta kai wa ƙanen. Ba da gangan ba fa, hannunta ne ya saba. Shi kuma Salih, Allah ya ba shi lafiya, bakinsa ba ya shiru. Sai shafa madubin nan yake yana cewa da albashinta na farko ta saya masa. Duk shekara sai na ji labarin nan. Na ce wa Alhajin, kai me aka saya maka? Ya taɓa hularsa, ita ce nasa rabon."

"Sai me?"

"Sai ta ce tana so Salih ya zama wakilinta ranar ɗaurin aure, shi zai ba da hannu. Alhaji ya ce ai al'ada ce, baffa ke ba da 'ya. Ya faɗa da murmushi. Amma shayin nan rabi ya bari, ni na zubar."

"Yaushe ya dawo nan?"

"Bakwai da rabi suka shiga. Shi ya fito wajen tara, ya ce gwiwa ta hana shi bin su."

"Daga nan zuwa mararrabar da suka rabu tafiyar minti nawa ce?"

"Ko ni da nauyina, sha biyar." Ta sunkuyo. "Ruwa ya fara nema. Ya kurkure baki sau uku yana tofarwa. Na zuba masa shayi, cokali huɗu na sukari, ya ce bai ji zaƙi ba. Shayina fa. Kuma abin da ya ɗaure mini kai, da safe gwiwar hagu yake shafawa, da ya dawo kuma da dama yake ɗingishi. Na ce ikon Allah, ciwo ya yi ƙaura."

Mulazim ya shanye shayinsa. Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyar bagaruwa ya san baurinta, yini guda harshe ba ya sanin zaƙi.

Ishaku na zaune nesa kaɗan yana jan carbi. Dogo ne, mai tsabta, irin tsabtar wanda ya daɗe yana aiki a gidan masu hali. Shekara goma sha bakwai ya yi yana tuƙa motar wani gida a Jidda. Da damina ya dawo, saboda bikin.

"Alhaji, ka ce ba ka je tafki ba?"

"Ban je ba. Dubi takalmina."

Mulazim ya duba. Fari tas, ko ɗigon laka babu.

"Awa ɗaya da rabi, ina ka tsaya?"

"Na zauna a gindin itace na huta. Tsufa."

"Ƙanenka na kwance kansa a fashe, ban ga ka matsa kusa da shi ba."

"Ba na iya ganin jini."

Mulazim ya gyaɗa kai ya bar shi. Bai sake yi masa magana ba har rana ta take. Alu na can yana jefa koma, Hussein na cizon yatsa yana kiran wayar Nuha ba ta ɗauka. Da azahar ta yi, Hajaratu ta shimfiɗa musu tabarma ta ajiye buta. Kowa ya naɗe hannun riga da ƙafar wando. Ishaku ya ce yana da alwala. Amma ba a hawa tabarmar salla da takalmi, dole ya tuɓe. Mulazim ya tsaya daidai gefensa. Mai ciwon gwiwa ya yi ruku'u ya yi sujada ba ko nishi, sai dai ba ya yarda tafin ƙafarsa ta dama ya taɓa ƙasa sosai.

Suna sallamewa Alu ya iso a guje, ruwa na zuba daga jikinsa. A hannunsa ga madubin, laka ta cika idanunsa biyu, igiyar wuyansa a tsinke.

"A tsakiya, janabu. Jifa ne. Wanda ya faɗi da shi ba zai kai shi can ba."

"Ɗauki buhunka ka tafi gida. Hussein, ka ba shi haƙuri kafin ya tafi."

Daga nan Mulazim ya ɗauki farin markub na dama ya juya shi. Ƙura mai ruwan toka ta zubo. A ciki, daidai tsakiya, ga tabon jini kamar kwabo.

"Alhaji, zo mu ɗan taka."

Suka bi hanyar cikin itatuwa, inuwa na sauka musu tsilli-tsilli, Ishaku na jan ƙafa. A wurin da aka kwashi ƙura Mulazim ya tsaya.

"A wane kambo aka haife ka?"

"Wajen Managil."

"Ni wajen Hasahisa. To bari in gaya maka abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara. Ɓarawo ba ya barin waya ya ɗauki madubi, in ya ɗauka kuma ba ya jefa shi a ruwa. Ɓarawo ba ya janyo mutum tudu, ba ya tauna masa magani. Wanda ya yi wannan madubin ya tsana, mutumin kuwa yana son sa. Masunci yatsunsa huɗu. Saurayin ba ya iya taku uku ba takalmi. Ka nuna mini takalminka don in ga ba laka. Ai shi ya fara tona ka. Ɗan birni yana shiga laka da takalminsa, ka ga na Hussein. Mu da takalmi ɗaya ya raine mu, tuɓewa muke mu rataya a wuya. Kuma da ka fito daga ruwa, hankalinka a tashe, ƙanenka na zubar da jini, duk da haka sai da ka tsaya nan ka goge ƙafafunka da ƙura. Uwata ma ta sha dukana a kan haka, wai kada tsargiya ta shiga jiki. Ko yana magani ko ba ya yi, likitoci suka sani. Ɗaga wandonka."

Ishaku bai ɗaga ba. Zama ya yi a ƙasa da farar jallabiyarsa. Wandon ya ɗage da kansa, ga ƙwaurin nan fari fat da ƙura har gwiwa.

"Gani kawai na ce ya ba ni," ya faɗa a hankali. "Na biyo shi don mu yi magana. Na same shi yana kallon wasu fararen tsuntsaye. Na ce, Salih, ba ni in ga abin da 'yata ta saya. Ya ce in bari, hannuna da laka, zan ɓata gilashin. Ni. Abin da 'yata ta saya." Ya dubi hannayensa. "Na ja igiyar, ya ja, ta tsinke. Ya tafi da baya."

"Ka fito da shi, ka tsayar da jini. Me ya sa ka jefa madubin?"

"Na ga yana numfashi, na juya, sai ga abin nan a ƙasa yana kallona. Janabu, shekara goma sha bakwai ina buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofar mota, ina kai su makaranta, don tawa ta yi karatu. Uwarta ta rasu, ba ni da wanda zan bar wa sai shi. Ya riƙe ta da kyau, wallahi ya riƙe ta da kyau, shi ne ma abin da ke cin raina. Da ya wulaƙanta ta, da na dawo na zama uba. Na sauka daga jirgi ta durƙusa ta ce, sannu da zuwa Alhaji. Kishin ƙanena nake yi, kamar mace. Tun damina ban yi barcin kirki ba."

"Ka bar shi kwance ka gudu. Ka bar wani talaka ya kusa kwana a ɗaure."

"Na ji muryoyinsu suna tahowa. Na ji tsoron idonta." Ya rufe fuska. "Ka ji rantsuwar da ta yi."

"Na ji."

La'asar sakaliya suka isa asibiti. An yi wa Salih ɗinki takwas, ya farfaɗo. Nuha na zaune a bakin gadon. Mulazim ya ajiye madubin a kan tebur, ya buɗe littafinsa.

"Malam Salih, wa ya ture ka?"

Salih ya dubi ƙofa, inda wansa ke tsaye, ya mayar da idonsa rufi. "Santsi ne ya kwashe ni."

"Santsin ne ya janyo ka tudu, ya tauna maka bagaruwa?"

"Ban sani ba. Ba ni da ƙarar kowa, janabu. Rubuta haka."

"Yaba, kada ka rufa wa mugu asiri," in ji Nuha. "Janabu, ka gano shi ko? Wane ne?"

Mulazim ya rufe littafin. Ya san amsar, amma ba ya jin bakinsa ne ya kamata ya faɗe ta. Ya waiwaya.

Ishaku ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shigo yana barin ɗigon jini a kan siminti.

"Ni ne, Nuha."

Ta fara ɗago kai, sai ta tsaya a rabi. Ta ja gefen mayafinta ta tare fuskarta daga wajensa. Ya faɗa mata duka, tun daga igiya har jifa, bai rage wa kansa komai ba. Har hular ya ambata.

"Shi ya fitar da ni daga ruwa," in ji Salih. "Da bai fitar ba, da yanzu ana yi mini salla. Kuma ni na fara, bakina ne. Wata uku ina kaɗa masa madubin nan a fuska, ina jin daɗi, Allah ya sani ina jin daɗi. Tsoro nake kada ya karɓe ki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dube shi, Nuha."

"Na rantse, Yaba."

"Ana kaffara."

Nuha ta sunkuyar da kai. Idonta na ƙasa, abin da take iya gani na ubanta ƙafafunsa ne kawai. Tun da ya dawo ba ta taɓa lura da su ba, kullum cikin farin takalmi suke. Ga kaushi, ga faso, ga babban yatsa a karkace, sak na mutumin da ke kwance a gado. Ta dama ta kumbura, jini na tsattsafowa daga tafinta.

Ta daɗe tana kallon su. Can ta miƙa hannu ta jawo tiren kayan aiki, ta ɗauki hantsaki da auduga, ta tura kujera da ƙafarta zuwa wajensa. Ya zauna. Ta durƙusa a gabansa, mayafin na nan a tsakaninsu.

"Ƙayar bagaruwa ce, ta karye a ciki," ta ce. "Zai yi zafi. Ɗago ƙafar."

Ba ta ce Alhaji ba, ba ta kuma ce Yaba ba. Ishaku ya ɗago ƙafar, ta ɗora ta a kan cinyarta. Mulazim ya sa littafinsa a aljihu ya fita, ya jawo musu ƙofa.